Mutum-mutumi Biyu a Tsohon Filin Folo na Ankara

Duk wanda ya tashi a gidan da aka taɓa yin fatauci ba zai rasa jin sunan Gwanja da Salaga da Kumasi a bakin kakanninsa ba, domin hanyar goro ce ta fara haɗa ƙasar Hausa da ƙasar da a yau ake kira Gana, tun kafin Bature ya zo ya shata kan iyaka. Babban birnin ƙasar kuwa, wato Accra, mutanenmu na zango Ankara suke ce masa, kuma da wannan suna za mu kira shi a wannan maƙala. Kada mai karatu ya zaci Ankara ta ƙasar Turkiyya muke nufi. A wannan birni, daf da bakin teku, akwai wani lambu da muka sami damar kai wa ziyara. Mun shiga da hantsi da niyyar mu ɗan zaga mu fito, amma ba mu fito ba sai da la'asar ta yi sanyi. Abin da ya riƙe mu shi ne mutum-mutumi guda biyu na tagulla, dukansu na mutum ɗaya: na farko yana tsaye cikin ƙasaita a gaban hubbare, na biyu kuwa yana baya, ba shi da kai. Tsakanin ɗaya da ɗaya tafiyar 'yan taku ce kawai, amma a cikin waɗannan 'yan takun ne tarihin siyasar Gana na fiye da shekara sittin yake kwance.

Sunan wurin Lambun Tunawa da Kwame Nkrumah, kuma faɗinsa ya ɗan haura eka biyar. A zamanin mulkin mallaka nan ne filin folo na Turawa, inda manyan jami'an gwamnati da hafsoshin soja suke fitowa su yi ƙwallon dawaki, ɗan ƙasa kuwa ba wurin zuwansa ba ne. A daren 5 ga Maris 1957, da ƙarfe goma sha biyu ta buga aka shiga ranar 6 ga wata, a wannan fili ne Nkrumah ya hau dandamali ya shaida wa dubban jama'a cewa gwagwarmaya ta ƙare, ƙasarsu ta sami 'yancin kai har abada. Ya kuma ƙara da maganar da har yau ake tunawa da shi saboda ita, cewa 'yancin Gana ba shi da ma'ana matuƙar ba a ɗaure shi da 'yantar da nahiyar Afirka baki ɗaya ba. Cikin baƙin da suka zo bikin na wannan mako akwai mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon, da Martin Luther King. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a hotunan wannan dare shi ne suturar da ke jikin Nkrumah da abokan gwagwarmayarsa, irin su Kojo Botsio da Komla Gbedemah. Dukansu mutanen kudu ne, amma ba kwat suka sa ba, ba su kuma yafa kente irin na sarakunan Asante ba. Rigar saƙi suka sa ta mutanen arewacin ƙasar, wadda ake kira fugu ko batakari, rigar manoma da 'yan ƙwadago. Mai karatu ya riƙe zancen wannan riga, za mu komo kanta.

'Yan'uwanmu mazauna Ikko za su ga kamar sun san wannan labari. Mu ma a filin sukuwa na Turawa aka sauke tutar Ingila a daren 1 ga Oktoba 1960, filin da daga baya aka gine aka sa masa sunan Dandalin Tafawa Ɓalewa, mai fararen dawaki da jajayen gaggafa a bisa ƙofarsa. Ƙasashen biyu duk a filin dawakin Bature suka karɓi 'yanci.

Idan mutum ya nufi hubbaren, hanya ce miƙaƙƙiya zai bi tsakanin tafkuna biyu na ruwa mai tsartuwa. A cikin ruwan an jera mutum-mutumai na maza majiya ƙarfi, bakwai a dama bakwai a hagu, ba riga a jikinsu, kowanne ya durƙusa yana busa ƙaho. A fadojin Akan ƙaho na hauren giwa daidai yake da kakaki a wurinmu: ba a busa wa talaka, ana busa shi ne don sanar da fitowar sarki ko don juyayin rasuwarsa. A nan muka fara tsayawa muna murmushi, domin wanda ake busa wa waɗannan ƙahoni mutum ne da ya shafe shekaru yana kai ruwa rana da sarakuna. Shi ne ya taɓa gargaɗinsu cewa in ba su bi jama'a ba, ranar na zuwa da za su gudu su bar takalmansu, kuma a al'adar Akan cire wa sarki takalmi alamar tuɓe shi ce. Gwamnatinsa ce ta kawar da Sarkin Akyem Abuakwa, Ofori Atta na Biyu, daga gadon sarauta a 1958. Duk da haka laƙabin da aka fi saninsa da shi, wato Osagyefo, kirarin sarakuna ne mai nufin gwarzon da ke ceton jama'a a fagen fama. Ya rage wa sarauta ƙarfi, ya kuma ari kayan adonta ya yafa.

A ƙarshen hanyar ne mutum-mutumi na farko yake tsaye bisa dogon dakali, a gurbin da ake cewa nan ya tsaya ya yi jawabin 'yanci. An ƙera shi ya yafa zane irin na manyan kudu, ya ɗaga ƙafa kamar mai tafiya, ya miƙa hannun dama yana nuna gaba, wato taken jam'iyyarsa ta CPP na gaba dai gaba dai, ba ja da baya. A bayansa hubbaren yake, wanda maginin ƙasar Don Arthur ya tsara, an lulluɓe shi tun daga ƙasa har sama da dutsen mabul na Italiya, da baƙin tauraro a ƙololuwarsa. Fassara biyu ake yi wa siffar ginin. Wasu sun ce takubba ne aka kifa kawunansu ƙasa, wanda a wurin Akan alamar zaman lafiya ce. Wasu kuma sun ce kututturen itace ne da aka sare tun bai gama girma ba, wato aikin da mai shi bai ƙarasa ba. Mu dai da muka ja da baya muka ƙare masa kallo, kututturen muka gani. A ciki Nkrumah yake kwance, a gefensa kuma matarsa Fathia, 'yar ƙasar Masar, wadda ta rasu a Alƙahira a 2007 aka kawo gawarta nan. A harabar akwai itatuwan da manyan baƙi suka dasa, har da mangwaron Nelson Mandela, sannan da gidan tarihi mai ɗauke da littattafan marigayin da kayan amfaninsa da hotunansa tare da su Nehru da Nasser da Kennedy da Castro.

Yawancin masu ziyara a nan suke ɗaukar hoto su juya. Wanda ya daure ya zagaya bayan hubbaren shi ne zai ga na biyun.

Tsaye yake shi ma a kan dakali, amma wuyansa a guntule, hannu ɗaya ya karye, jikin tagullar duk tabo. A gefensa, bisa wani ɗan dakali dabam, an ajiye kan. Rigar da ke jikinsa kuwa ita ce rigar saƙin nan ta daren 'yanci. Wannan shi ne mutum-mutumin da wani maƙerin Italiya mai suna Nicola Cataudella ya yi, aka kafa a gaban majalisar dokoki a watan Maris 1958, lokacin cikar ƙasar shekara guda da samun mulkin kai. Wato dai an kafa shi mai shi yana da rai, yana kan mulki, yana da shekara arba'in da takwas, kuma daga nan rigimar ta samo asali.

Tun a 1957 aka buga hoton Nkrumah a kan sarki, a 1958 kuma aka sa fuskarsa a tsabar kuɗi, da rubutun Latin mai cewa shi ne ya kafa ƙasar Gana. Mu Hausawa mun fi kowa sanin nauyin wannan al'amari, tunda ɗan tambarin da ake manna wa wasiƙa ba mu san shi da wani suna ba sai kan sarki. Wanda duk aka sa kansa a wurin, an faɗa wa duniya ko wane ne mai ƙasar. 'Yan adawa suka ce wannan alama ce ta mai shirin zama sarkin da ba a tuɓewa, suka kuma tambaya: ina sauran waɗanda aka yi gwagwarmayar da su? Tambayar tana da tushe. Lokacin da Nkrumah ya komo gida a ƙarshen 1947, bayan shekara goma a Amurka da biyu a Ingila, jam'iyyar UGCC ta su Dakta J. B. Danquah ce ta kira shi ya zama sakatarenta, kuma su shida Turawa suka tsare bayan tarzomar da ta biyo harbe tsofaffin sojoji uku a ranar 28 ga Fabrairu 1948. Sai a Yuni 1949 ya ɓalle ya kafa CPP, ya ci zaɓen 1951 yana cikin kurkuku. Amsar da Nkrumah ya bayar a wata jaridar Ingila a 1957 ita ce, da yawa daga cikin mutanensa ba su iya karatu da rubutu ba, don haka sai an nuna musu da alamar da ido zai gani kafin su gaskata cewa Sarauniya ta tafi, ɗan'uwansu baƙar fata ne ke riƙe da ƙasa. A ganinmu wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma wanda ya san yadda kwabo mai huji ya yi shekaru yana tuna wa talakan ƙasarmu ko wa ke mulki ba zai raina ta ba. Illarta guda ce: alamar 'yancin ƙasa da siffar mutum ɗaya suka zama abu ɗaya, ta yadda duk mai jin haushin mutumin ya san inda zai je ya huce. Har majalisar majami'un Kirista ta ƙasar sai da ta yi ƙorafi, domin a jikin dakalin an ɗauko wata aya ta Linjila an juya ta zuwa zancen neman mulkin siyasa.

A shekarar 'yancin ce kuma abin ya taɓa mutanen zango kai tsaye. Musulmin biranen kudu, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, suna da jam'iyyarsu ta MAP wadda ta haɗa kai da 'yan adawar Asante. A watan Agusta 1957 gwamnati ta kori manyansu biyu na Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya. Da suka garzaya kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne, sai majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, wadda ta datse shari'ar tun ba a yanke hukunci ba. Kafin shekarar ta ƙare aka haramta duk jam'iyyar da aka gina bisa addini ko ƙabila ko yanki. A 1958, shekarar da aka kafa mutum-mutumin, aka zartar da dokar da ta ba gwamnati ikon tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji masu iya magana, tun daga Laraba ake gane ta. Haka ma wadda ba za ta yi ba.

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren, domin tagullar ba a kan iska aka kafa ta ba. A cikin shekara tara Nkrumah ya gina tashar jiragen ruwa ta Tema da sabon garin da ke kewaye da ita, ya shimfiɗa babbar hanyar mota daga can zuwa Ankara, ya kafa jami'a a Cape Coast, ya ɗaga kwalejin Kumasi ta zama jami'ar kimiyya da fasaha, ya mayar da karatun firamare kyauta kuma tilas a 1961, ya ba 'ya'yan arewacin ƙasar, waɗanda Bature ya bari a baya da gangan don su zama leburori, gata na musamman a fannin ilimi. Ya tara 'yan gwagwarmayar Afirka a Ankara a Disamba 1958, cikinsu har da Patrice Lumumba. Da Faransa ta fice daga Gini a fusace a wannan shekara ta bar ƙasar ba ko anini, Gana ce ta ba Sekou Toure rancen fam miliyan 10. A Janairu 1966 ya buɗe madatsar ruwa ta Akosombo, wadda har yanzu take ba ƙasar wutar lantarki. Masu ƙaunarsa waɗannan suke lissafawa, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Sai dai tun kafin a taɓa mutumin, siffarsa aka fara taɓawa. A farkon Nuwamba 1961, kwanaki kaɗan kafin Sarauniya Elizabeth ta iso ƙasar, bam ya tashi a gindin mutum-mutumin ya yi masa lahani, aka gyara. A ranar 1 ga Agusta 1962 aka jefa wa shi kansa Nkrumah gurneti a ƙauyen Kulungugu da ke can arewa kusa da kan iyaka, ya tsira da raunuka. Daga nan zargi ya shiga gida. Aka kama ministocinsa biyu, Tawia Adamafio da Ako Adjei, wanda shi ne ma ya ba da shawarar a kira Nkrumah daga Ingila tun farko. Da kotu ta wanke su a Disamba 1963, sai aka sallami Alƙalin Alƙalai Sir Arku Korsah, aka sake shari'ar. A Janairu 1964 wani ɗan sanda ya buɗe wa shugaban wuta a fadarsa, mai tsaron lafiyarsa Salifu Dagarti ya rasa ransa. A wannan shekara aka yi ƙuri'ar raba gardama aka mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya. A Fabrairu 1965 Dakta Danquah ya rasu a kurkukun Nsawam yana tsare ba tare da shari'a ba. A daidai wannan lokaci farashin koko, wanda shi ne jarin ƙasar, ya faɗi warwas a kasuwar duniya, bashi ya yi katutu, kayan masarufi suka yi wuya a kantuna.

A nan tarihinsu ya gogi namu. Nkrumah da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba a kan makomar Afirka: shi yana son gwamnati ɗaya ta nahiyar nan take, Ɓalewa kuwa yana ganin a bi sannu a hankali, kuma ra'ayin su Ɓalewa ne ya rinjaya lokacin da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a Mayu 1963. Da sojoji suka kashe Ɓalewa da Sardauna a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, Nkrumah ya yi jawabi a rediyo inda ya nuna cewa marigayin ya faɗa hannun wasu al'amura ne da bai fahimce su ba, maganar da ta yi wa mutanen Nijeriya ciwo ƙwarai. Kwana arba'in cif bayan haka, ranar 24 ga Fabrairu, yana hanyarsa ta zuwa Hanoi don neman sulhu a yaƙin Biyetnam, sojoji da 'yan sanda ƙarƙashin Kanar Kotoka da Manjo Afrifa da shugaban 'yan sanda Harlley suka kifar da gwamnatinsa. A birnin Bejin ya sami labari. Takardun gwamnatin Amurka da aka fitar daga baya sun nuna jami'anta sun san ana ƙulla wannan shiri tun watanni kafin a aiwatar, magoya bayansa kuma har gobe a kan wannan suke tsayawa. Amma ba Amurka ce ta fito da jama'a kan titunan Ankara suna murna ba, ba kuma ita ce ta cika gidajen kurkukun da aka buɗe aka saki ɗaruruwan mutane ba.

Da asubahin ranar Kotoka ya faɗa a rediyo cewa an karya kwarjinin da ya lulluɓe Nkrumah. Mai kwarjinin yana can wata nahiya, hannu ba zai kai gare shi ba, saboda haka aka nufi tagullar. Aka tumɓuke ta daga kan dakali, ta faɗi, kai ya rabu da gangar jiki. Hotunan da suka zaga duniya a wannan mako sun nuna yara ƙanana sun kewaye ta tana kwance a ƙasa. Haka aka yi wa wadda ke makarantar koyar da aƙidarsa a Winneba. Aka haramta CPP, aka ƙona littattafansa da hotunansa, aka cire sunansa daga jami'ar Kumasi, a 1967 kuma aka fito da sabon kuɗi wanda ba fuskarsa a jiki. Duniya rawar 'yan mata: Kotoka da kansa bai cika wata goma sha huɗu ba aka kashe shi a wani yunƙurin juyin mulki a Afrilu 1967, aka sa wa filin jirgin saman Ankara sunansa, aka kafa masa nasa mutum-mutumin a wurin, wanda shi ma aka ɗauke a shekara ta 2000.

Nkrumah bai sake taka ƙasar Gana da ransa ba. Sekou Toure, wanda bai manta da alherin 1958 ba, ya karɓe shi a Konakiri ya ba shi matsayin abokin shugabanci na girmamawa. A can ya zauna yana rubuce-rubuce har ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ya rasu a wani asibiti a Bukares ta ƙasar Romaniya ranar 27 ga Afrilu 1972. Gawar ma sai da aka yi jayayya a kanta. An yi masa jana'izar ƙasa a Konakiri, Toure ya riƙe gawar yana neman sai Gana ta mayar wa marigayin da martabarsa, kuma sai a watan Yuli gwamnatin soja ta Kanar Acheampong ta samu aka kawo ta, aka binne a ƙauyensu Nkroful, inda tsohuwar mahaifiyarsa take da rai tana jira. Shekara ashirin bayan haka, ranar 1 ga Yuli 1992, gwamnatin Jerry Rawlings ta tono shi ta kawo wannan hubbare. Shi ya sa mutanen Gana suke cewa sau uku aka binne shi. Ba ma jin daidaituwa ce kawai ta sa aka buɗe lambun a shekarar da Rawlings yake shirin tuɓe kaki ya tsaya zaɓe, alhali magoya bayan Nkrumah suna da ƙuri'u masu yawa. A wannan biki ne sabon mutum-mutumin ya bayyana, kuma abin lura shi ne an sauya masa sutura: ɗan gwagwarmaya mai rigar talakawan arewa ya koma dattijon ƙasa mai yafe da zanen manya. Wanda aka karya shi ne Nkrumah yadda ya so a gan shi. Wanda ke tsaye a gaba shi ne Nkrumah yadda na baya suka ga ya dace a tuna da shi.

Mu da muka taso a garuruwan da ba a saba kafa siffar mutum a dandali ba, dole abin ya zo mana baƙo, har ma da ɗan nauyi a zuciya. Namu manyan da gini da suna muke tunawa da su. Wanda ya je kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauci, wanda aka buɗe a 1979, zai tuna yadda ake bi ta wani lungu mai duhu a hau a hankali har a fito sarari, a tarar da kabari ba ado, sama a buɗe. Ba fuska a wurin, saboda haka ba abin da mai fushi zai sare. Amma kuma gini irin wannan ba ya nuna tabo, ba ya faɗa wa yaron da aka haifa jiya cewa an taɓa yin rigima. Guntulallen wuyan nan na Ankara yana faɗa, ko da mai ziyara bai iya karanta allon da ke ƙarƙashinsa ba. Ta wata fuska hujjar Nkrumah ta 1957 ta tabbata, sai dai ba yadda ya nufa ba.

Yadda gangar jikin ta iso lambun ma labari ne. An gano ta a 1975 aka kai gidan tarihi na ƙasa, sai a 2007, shekarar bikin cika hamsin da 'yanci, aka kawo ta nan aka tsayar. Gwamnatin da ke mulki a lokacin ta John Kufuor ce, magajiyar gidan siyasar Danquah da Busia, wato abokan hamayyar Nkrumah na asali. Jayayyar kuwa ba ta mutu ba, ta dai koma kan kalanda. A 2009 Shugaba Atta Mills ya mayar da 21 ga Satumba, ranar haihuwar Nkrumah, ranar hutu ta wanda ya kafa ƙasa. A 2019 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta ce ba mutum ɗaya ya kafa ƙasar ba, ta ware 4 ga Agusta don tunawa da dukan waɗanda suka yi aikin, ta bar wa Nkrumah ranarsa da wani suna dabam. A 2025, bayan mulki ya sake sauya hannu, majalisa ta mayar da al'amarin yadda yake a da. Tambayar nan ta 'yan adawar 1957 ce dai ake ta juyawa. Duk da haka, wanda ya gyara lambun ya ƙara masa ɗakin karatu da sababbin gine-gine, ya sake buɗe shi ranar 4 ga Yuli 2023, shi ne Akufo-Addo ɗin nan: ɗan Edward Akufo-Addo, ɗaya daga cikin mutum shidan da aka tsare a 1948, alƙalin da Nkrumah ya sallama daga kotun ƙoli a 1964, kuma jika ta wajen dangi ga Dakta Danquah da ya rasu a Nsawam. A wajen Gana kuwa tuni aka yanke hukunci: masu sauraron BBC a Afirka sun zaɓe shi gwarzon nahiyar a ƙarshen 1999, a Janairu 2012 kuma aka kafa masa wani mutum-mutumin a hedkwatar Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa, birnin da aka ƙi shawararsa a 1963.

Kafin mu fito mun sake komawa bayan hubbaren. Ba a yi wa kan walda an mayar da shi bisa wuyan ba, ko da yake maƙeran da za su iya wannan aiki ba su da wuyar samu a Ankara. An bar kowanne a dakalinsa, kusa da juna. Allon da ke wurin ya ce kan ya iso lambun ne a watan Mayu 2009, shekara 43 bayan an sare shi, kuma wani ɗan ƙasa mai kishi ne ya miƙa shi ga hukuma. Allon bai ambaci sunansa ba.